Kafson da Baba ya ɓoye a hula

Jiya a ɗakin wankin ƙoda Babanmu ya ce shi ya gama, a cire masa tiyon da ke wuyansa ya koma gida Barunde. Alhali wallahi wankin nan ne ke riƙe da shi.

Wai duk a kan mura. Likita ta duba shi, ta ga babu zazzaɓi, ta ce ba za ta rubuta antibayotik ba.

Baba ya ce, "'Yata, mu zamanin da kuɗin fetur ya shigo, ko atishawa ka yi sai an danna maka allura. Ke kuma ki sallame ni hannu rabbana?"

Ta jawo kujera ta zauna. Ta ce, "Baba, lokacin ai ƙodarka na aiki. Yanzu abin da ka haɗiya taruwa yake a jikinka. Kuma mura ba ta jin maganin nan. Ajiye maka shi nake, don in cuta ta bi ta tiyon nan, Allah ya kiyaye, mu samu yana ci."

Can sai Baba ya cire hularsa, ya zaro kafson da ya sayo a kemis ba mu sani ba, ya miƙa mata. Ya ce, "To haɗa da wannan ki ajiye."

Ya gyara kwanciya aka jona masa inji.

Ashe hana magani ma kulawa ce. Ku naku tsofaffin ina suke ɓoye nasu?