Babi na Tara, Kwafi Sittin

Tana tsaye a shagon fotokwafi, alli duk ya ɓata mata yatsu. A hannun dama tsohon littafin labari ne, ya sha salatif da jan biro. A hagu kuwa 'yar taƙaitawar da ɗalibai ke haddacewa maimakonsa. Tana gwada shafukan littattafan biyu, tana wani murmushin mugunta.

Mai shago yana kallonta, yana raya wa ransa cewa wannan malama an kai ta maƙura.

"Babi na tara, kwafi sittin," in ji ta.

"Na jarrabawa ne, Malama?"

"Ƙwarai. Mai taƙaitawar ya tsallake shi. Wata uku ina roƙonsu su karanta. Gobe su za su roƙe ni."