Murfin Kwanon da Na Kai wa Rifkatu

Narayi, biyar da kwata na asuba

'Yan'uwana mata na ajin koyon karatu, kun ce in rubuto muku tafiyata ta ranar Litinin. Ga ta nan yadda ta kasance, ku yi haƙuri da hannuna.

'Yata Rifkatu tana karatun digiri na biyu a jami'a, kuma tana cikin masu taimaka wa manyan malamai koyarwa da duba takardun jarrabawa. Aikin ya yi yawa, abin da ake ba su ba ya kai su ƙarshen wata. Sai suka haɗu da sauran ma'aikata za su kai takardar koke. Ranar Lahadi ta bugo mini waya ta ce, "Mama, kowa yana tsoron sunansa ya zo farko, don an ce wanda ya fara sa hannu shi za a kora. Gobe ni zan fara." Idan aka kore ta, aiki da karatu duka sun tafi.  Washegari na tashi da wuri na dafa gwaten acca na zuba a kwanon samira, na ɗaure da ɗankwali, na fita da niyyar in hana ta.

Garejin Television, shida saura

Keke ya sauke ni a bakin gareji. Bas ɗin bai cika ba sai bakwai da minti goma. Kwandasta ya kai hannu zai sa kwanona a but ɗin mota, na riƙe.

"Mama, zinariya ce a ciki?"

"Abincin 'yata ne."

"To ki ce ta rage mini ƙanzo."

Aka yi dariya. Kusa da ni wata Hajiya ce daga Makera, mai sayar da atamfa. Da ta ji inda za ni sai ta ce, "Ai na ji wai yau za a yi rigima a can. Allah ya tsare mana yaranmu." Na ce amin.

Shingen hanya, takwas da rabi

Mun wuce shinge biyu lafiya. A na uku aka ce kowa ya sauko. Wani mai kaki ya tambaya ko akwai masu zuwa jami'a. Ba wanda ya amsa. Ni ban iya ƙarya ba, na ɗaga hannu.

"Me za ki yi a can, Mama?"

"Zan ga 'yata."

"Malama ce?"

"Tana koyo ne."

Ya sa na kwance ɗankwalin, ya buɗe murfin, tururi ya buge shi. Ya ce, "Ki gaya mata ta zauna a ɗaki yau." Daga nan har muka isa ban ƙara ganin hanya ba, addu'a kawai nake yi.

Jami'a, goma saura kwata

Daga tasha na hau babur zuwa ƙofa, mai gadi ya nuna mini ɗakin taron. Mutane sun cika shi: malamai, masu shara, masu aikin ofis, har da direbobi. A kan tebur ga babbar farar takarda, an rubuta koken a sama, ƙasa kuwa fayau, ko suna ɗaya babu. Rifkatu tana tsaye da biro.

"Mama! Me ya kawo ki?"

"Zo mu je gida."

"Ba zan iya ba, Mama. Dubi Baba Ishaya." Ta nuna wani dattijo mai shara. "Tun kafin a haife ni yake share wurin nan. Shi zan bari ya fara?"

Dattijon ya sunkuyar da kai.  Na ajiye kwanon a kan tebur, sai idona ya tsaya a kan murfin. Na tuna lokacin da mu masu sayar da kayan miya muka kai wa hukuma kukan rumfunanmu. Ba mu iya rubutu ba a lokacin, kuma mu ma muna tsoro, sai muka kifa faifai a kan takarda muka dangwala yatsu kewaye da shi, don kada a san wadda ta fara.

A hankali na ce, "Rifkatu, ba ni biron."

Na kifa murfin a tsakiyar takardar, na zagaye shi. Hannuna ya karkace, amma layin ya haɗu. Na ce kowa ya rubuta sunansa daga bakin layin zuwa waje, ana juya takardar. Wani malami mai furfura ya cire tabarau ya ce, "Mama, a wace jami'a kika yi karatu?" Na ce, "A kasuwa, ranka ya daɗe." Ɗakin ya ɗauki dariya. Mutum huɗu suka sunkuya a lokaci guda, Rifkatu a cikinsu. Kafin sha ɗaya da rabi sunaye sun zagaye kamar wayoyin ƙafar keke.

Suka ɗunguma zuwa ofis, ni na zauna a inuwa ina jira. Ƙarfe ɗaya suka fito. Rifkatu ta ce mai karɓar takardar ya yi ta juya ta yana neman sama da ƙasa, da ya gaji ya buga hatimi ya ce za a kira su zama. Ta zauna a ƙasa kusa da ni, ita da Baba Ishaya suka cinye gwaten da ya riga ya huce.

Gida, biyar da rabi na yamma

Na baro ta a can, ban dawo da ita ba. Maganar albashi har yau ba a gama ba, kuma duk sanda waya ta yi ƙara da gudu nake ɗauka. Amma da safen nan Rifkatu ta shiga aji ta koyar.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa malamarmu da ta koya mini riƙe biro. Murfin yana nan, shuɗin tawada ya zagaye bakinsa. Na wanke kwanon, shi ban wanke ba.