Tagomashin Da Ya Ɗaure Ni

Fastonmu na Kaura Namoda yana da wa'azi ɗaya da ba ya gajiya da shi. Ya ce ƙarin girma ba daga ofis yake fitowa ba, daga tagomashi yake. Ka sami farin jini wurin Allah da wurin mutane, sai ka ga ana ɗaga ka ko ba ka roƙa ba. In ya faɗa, zumuntar mata su ce amin har kwanon rufi ya amsa. Amin ɗina ya fi na kowa ƙarfi, don ni ina da buƙata.

Lokacin ina koyarwa a firamaren wani ƙauye can bayan Sakajiki. Litinin in hau babur, sai Asabar in dawo, in rafi ya cika kuwa sai yadda hali ya yi. Mahaifiyata tana Kaura ita kaɗai tun rasuwar babanmu, ƙafafunta sun fara kumburi, ko ruwa sai maƙwabta sun ɗebo mata. Burina bai wuce a mayar da ni gari in riƙa kwana kusa da ita ba.

To, sai na ɗauki wa'azin fasto na mayar da shi sana'a. Ni kaɗai ne Kirista a ƙauyen, amma ba a yi suna ban je ba, ba a yi rasuwa ban zauna kan tabarma ba. In an kira gayya ni ne kan gaba da fartanya, har hannun da ya saba riƙe alli ya yi kanta. Da azumi ko ruwa ban taɓa sha gaban yara ba. Ƙofar mai gari kuwa, tun daga nesa nake sauka daga babur in tura shi, in tuɓe takalmi in durƙusa. Har tsofaffi suka fara cewa, "Malamin ga, salla kaɗai ta rage mai." Ni kuma in sunkuyar da kai, a zuci ina cewa, Ubangiji, kana dai gani ko?

Akwai abokin aikina, mai koyar da lissafi, shi ko gaisuwa wahala take ba shi. Ƙofar mai gari a guje yake wuce ta, in ya yi kirki ya danna ham. Har tausayinsa nake ji. Na taɓa yi masa nasiha ma, kai, ni da iyayi!

Ana nan sai labari ya zo cewa akwai gurbi a wata makarantar Kaura, ɗayanmu za a ɗauka. Ban ko damu ba, na san abin da na shuka. Ashe labarin ya kai kunnen mai gari. Ba tare da kowa ya tambaye ni ba, dattawa suka sa manyan riguna, suka yi tawaga zuwa ofishin ilimi kamar yadda suke yi in abu ya shafi gari. Da yamma mai gari ya aiko a kira ni, fuskarsa cike da fara'a.

"Malam, mun yi maka yaƙi," ya ce. "Mun ce wanga namu ne, kada a ɗauke muna shi. Tun da hedimasta zai aje aiki, a ba ka kujerar. Ɗayan kuwa su kai shi duk inda suka ga dama."

Na durƙusa na yi godiya. Mai lissafi ya ɗaure katifarsa a babur ya tafi Kaura, ko sallama bai yi ba.

Ranar Lahadi fasto ya tsayar da ni gaban jama'a in ba da shaida. Na ba da. Mama tana bencin gaba tana share hawaye, tana gaya wa na kusa da ita, "Ɗana ne, hedimasta." Da na buɗe baki a gida zan yi ƙorafi, sai ta ce, "Kul! Allah ya ɗaga ka, ka ce nauyi?"

Da damina ta kama, ciwo ya tasar mata. Saƙo ya same ni rafi ya cika maƙil. Samarin ƙauye suka ɗauki babur ɗina a ka suka ƙetare da ni, Allah ya saka masu. Na isa asibiti an riga an lulluɓe ta.

Ƙauyen nan kaf suka zo ta'aziyya a bayan babbar mota, rawuna suka cika ƙofar gidanmu har titi. Fasto ya dube su, ya matso kusa da ni ya ce, "Ɗana, ka ga tagomashi?"

Na ce, "Na gani, Baba."

Daga baya na tambayi maƙwabciya wa ya kai Mama asibiti. Ta ce wani malami ne da ya kama haya a layinmu, mai lissafi, wanda ba ya gaida kowa. Shi ya goya ta a babur, kuma hannunsa ta riƙe tana kiran sunana.