Wanda Ke Cinye Abincin Mama

Yayarmu ta shekara goma sha tara tana dafa wa 'yan makarantar kwana abinci. Yara ɗari uku, tukwane huɗu, da ludayin da ya kai tsawon hannuna. A wurinta duk matsalar duniya yunwa ce. Kana zazzaɓi, ci. Ka faɗi jarrabawa, ci. Ranar da mijinta ya faɗo daga tsani ma sai da ta ɗura masa romo kafin a nemo mota.

Da ciwon daji ya kama Mama, likita ya ce ya riga ya bazu, a mayar da ita gida a riƙa rage mata zafi. Nas ɗin da ke zuwa duba ta ta zaunar da mu a falo ta yi mana bayani dalla-dalla. Barci zai ƙaru, magana za ta ragu, abinci zai fita daga ranta, kuma kada a matsa mata, don ba yunwa take ji ba. Ta ce mu sa ran makonni, ba watanni ba. Ni dai na ji. Yaya kuwa cewa ta yi, "Ai ba su iya girki ba ne a asibitin nan."

Ta ɗauki hutu, ta tare a kicin. Sau biyar a rana kwano ke shiga ɗakin Mama. Ta dire, ta ce kada ta ga saura, ta koma kan murhu. Mama sai ta kai cokali ɗaya da ƙyar, ta dube ni.

"Auta, rufa min asiri."

Ni kuwa da gemuna da 'ya'ya biyu sai in rufa. Cikin mako uku wandona ya daina haɗuwa. Yaya na ta yi wa maƙwabta shelar cewa Mama ta fara cinye kwano tas. Muna dariya a ɓoye ni da Mama, amma abin yana cin raina. A wuni bai fi awa biyu Mama take farke ba, kuma duk Yaya na ƙarar da su wajen yanka albasa.

Wata Laraba da hantsi Yaya ta dawo ɗaukar murfi, ta same ni baki cike da dankali. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta kalli kumatuna, ta kalli wuyan hannun Mama.

"Tun yaushe?"

"Kada ki taɓa min shi, ni na sa shi," in ji Mama a hankali. "Ƙamshin girkinki yana iso ni, amma ke nake son gani. Zo ki zauna."

"Miya na kan wuta."

"Auta zai kashe. Ai ya riga ya ci ladan aikin."

Da na dawo, Yaya na zaune a gefen gado, ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Na miƙa mata kofin ruwa da audugar da nas ta bari. Ta tsoma, ta shafa wa Mama a leɓe. Mama ta ɗan tsotsa, ido a rufe.

"Ya kika ji?" in ji Yaya.

"Gishiri bai ji ba."

Yaya ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta sake tsoma audugar. Kwana tara suka rage musu, kuma ba ta sake kunna murhu ba.