Gwaggo Mai Taga, Wadda Ta Kai Masu Zanga-zanga Shagon Aski

Kafin ta ajiye jaka sai ta buɗe tagogi. Ɗakin aikinta ƙarami ne, a bayan asibitin unguwa, kusa da inda ake shanya zannuwan gado. Benci ɗaya ne a ciki, da tebur, da butar ruwa, da kofunan da ta wanke jiya ta kife. Nan masu tarin fuka suke zuwa kowace safiya su sha magani a gabanta. Ba ta miƙa wa mutum ƙwaya ta juya baya. Sai ta ga ya haɗiye, ta tambaye shi ko ya sa wani abu a ciki, ta tambayi lafiyar yara. In ta shiga gidan mara lafiya ma, gaisuwa tana bakinta, hannunta yana kan taga don iska ta ratsa. Da haka sunanta ya ɓace, kowa ya san ta da Gwaggo Mai Taga. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma bai kamata ta tafi shiru ba.

Akwai wasu matasa a unguwarmu masu fafutukar kare haƙƙin jama'a. Da yawansu sun zauna a ajina, kuma a ajin nake ba su aron wuri su yi taro bayan an tashi. In an daki direba ba dalili, ko an rushe rumfunan talakawa, su ne kan titi da kwalaye da lasifika. Jagoransu wani saurayi ne da ake kira Suma, saboda gashin da ya tara wanda har mahaifiyarsa ta gaji da magana a kansa. Manya da dama fitinannu suke ce musu. Gwaggo ita kuwa ta tako da ƙafarta ta zauna a kujerar ɗalibai ta saurare su har suka gama.

"'Ya'yana, kuna ihu a kan wanda aka daka da kulki, kun kyauta," in ji ta. "To wanda tari ke ci a ɗaki don ba shi da abin karyawa, shi ba haƙƙinsa aka danne ba? Ni muryata ba ta wuce ƙofar ɗakina. Taku tana kai wa nesa. Ku ara mini."

Suka zo da zafinsu, suka yi abin da suka iya: suka ɗaga waya. A kan bencin Gwaggo suka sami wani mai aski, magidanci mai ƙananan yara, suka yi hira da shi, ya amsa musu don kunya, bai san inda abin zai kai ba. Suka saka bidiyon a intanet. Mutanen ƙasashen nesa suka yi ta tausayi. Maƙwabta kuwa suka ɗauke ƙafa daga shagonsa. Ya rufe shagon, ya daina zuwa shan magani. Wanda ya yanke wannan magani a tsakiya, ciwon kan dawo masa da ƙarfin da ƙwayar farko ba ta iya masa, ga shi kuma ɗaki ɗaya yake kwana da matarsa da yaransa.

Suma bai san an yi haka ba. Ya shigo yana murna: "Gwaggo, duniya ta gani!"

"Ta gani, ɗana. Unguwa ma ta gani. Zo ka raka ni."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta bi da shi ta gaban shagon ya ga kwaɗo a ƙofa, sannan suka wuce gidan. Mai askin bai fito ba, daga bayan labule ya amsa.

"Gwaggo, ki koma kawai. Ƙirji ya yi sauƙi, shago ya mutu. Me zan ba yara, ƙwaya? Wannan mai kai kamar tsintsiya, tare kuke?"

Gwaggo ta riga ta je wurin likita, gwaji ya nuna mutumin ya daina yaɗa ciwon muddin bai bar magani ba. Amma ta san mutanenta, faɗa da baki ba zai mayar da kowa kujerar aski ba, sai sun gani da ido. Ta ɗaga kai ta dubi gashin Suma.

"Gwaggo, ba dai..."

"Ni na ce wani abu?"

"Idonki ya ce."

Washegari aka fito da kujera bakin titi, inda kowa ke wucewa kasuwa. Suma ya ɗauki lasifika ya ba mai askin haƙuri a gaban jama'a, ya ce sun cire bidiyon, ya faɗi abin da likita ya ce, sannan ya zauna aka ɗaura masa ƙyalle. Mai askin ya kunna inji, sai Gwaggo ta miƙo masa ƙwaya da kofi.

"Ba ka taɓa kan nan sai ka haɗiye."

Ya dubi kofin, ya dubi gashin da ya daɗe yana jin haushinsa daga nesa, ya haɗiye.

Ya kama kan Suma ya ce, "Tsaya cik mana! Kai da ba ka tsoron 'yan sanda, inji kake wa rawar jiki?"

"A duba ciki da kyau," in ji wani abokin Suma, "ƙila mukullin babur ɗina yana nan!"

Wata daga cikin matasan ta tambayi mai askin ko za ta iya ɗaukar bidiyo. Ya ce, "Ƙanwata, ki ɗauki kansa. Ni kun gama ɗaukata."

Sauran samarin suka yi layi. 'Yan matan suka shiga gida-gida suna yi wa iyaye mata bayani. Ba zan ce masu aski sun dawo rana ɗaya ba, wasu har yau ba su dawo ba. Amma matasan ba su fasa zuwa ba, har mai askin yana korar su yana cewa babu abin da ya tsiro. Ya buɗe shago, ya koma benci, ya sha maganinsa har ƙarshe.

Daga nan aikin ya ɗauki hanya. Suka raba kansu, kowa da mara lafiyar da yake rakawa. Suka kafa wa kansu doka: ba wanda fuskarsa za ta fita sai ya fahimta ya yarda. Suka kai wa hukuma kuka a kan yankewar magani da yunwar masu shansa, suna tuntuɓar takwarorinsu na wasu ƙasashe don jin yadda suka yi nasu. Ranar da suka fita tattaki a kan haka, Gwaggo tana can baya da ciwon gwiwarta, ta ƙi hawa mota.

Ke ce, Gwaggo, kika ga amfani a zafin da mu muke ganin fitina. Ke ce da suka yi kuskure ba ki kore su ba, kika sa su gyara da kansu, kika bar su da mutuncinsu. Uwar masu benci, mun gode. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa ki huta hutun wanda ya cika aikinsa.

Ku kuma manya, akwai matasa irin waɗannan a kowace unguwa. Kada mu tsaya ce musu su yi shiru. Mu je taronsu, mu zauna, mu nuna musu ƙofar da ke bukatarsu. Ku matasa, wadda za ta gaji Gwaggo mutum ɗaya ce, marasa lafiya kuwa ba su ragu ba, don haka kada ku saki.

Makon jiya na je aski, na gaya wa mutumin zan yi wannan rubutu, na nemi izininsa, na tambaye shi me zan faɗa. Ya kashe inji.

"Malam, ka rubuta duka. Ka ƙara da cewa an gwada yarana, babu mai tari a cikinsu."