Baba Mai Zane da Maus Ɗinsa Mai Gudu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina shagona na gyaran kwamfuta 'yarka ta kira ni ta ce Allah ya yi maka rasuwa. Na ajiye sukudireba, na kasa ci gaba da aikin.

Baba Mai Zane, kai ne mutum na farko da ya yarda ya ba ni aiki, lokacin da shagona bai wuce tebur da benci ba. Kai ka laƙaba mini suna Likita, har ya bi ni. Tsohuwar kwamfutarka mai ƙaton ƙeya kuwa, wadda kake zana taswirar gidaje da ita, sau nawa na ce ka sauya ta? Sai ka yi dariya ka ce tsoho ba ya gudun tsoho.

Bara ka fara kuka da maus. Ka ce da ka taɓa shi kaɗan sai kibiyar da ke kan allon kwamfutar ta yi tsalle ta bar inda kake so. A lokacin kana zana gidan da 'yarka za ta zauna da marayunta, ka kuma rantse ba hannun da zai zana shi sai naka. Na buɗe maus ɗin na goge ƙurar cikinsa, na sauya shimfiɗarsa, na rage gudun kibiyar. Ba a jima ba ka sake kirana. Na kawo sabo dal, shi ma ka ce gaggawa gare shi kamar yaran zamani.

Ranar nan ce na lura da hannunka yana rawa a kan tebur. Sai kawai na ƙara rage gudun. Haka muka yi ta yi, kana zagin maus ina taya ka, har ranar da na ja ma'aunin gudun ya kai ƙarshe, babu sauran abin ragewa. Na tsaya ina 'yan dabaru, ina neman ƙaryar da zan yi maka.

Ka dube ni ka ce, "Likita, ƙyale maus ɗin nan, ba shi da laifi. Jawo kujera, ka ɗora hannunka a kan nawa."

Haka muka ƙarasa zanen. Kai ke jan layi, ni nawa kawai in danne rawar. Ko a haka ba ka fasa faɗa ba, in na yi nauyi ka ce ba turmi ka ba ni in daka ba. Da muka sa taga ta ƙarshe a ɗakin jikokinka, ka jingina da kujera ka ce alhamdu lillahi, na juya baya don kada ka ga hawayena.

Ba ka ga ginin ba, Baba, wannan kuwa yana yi mini ciwo. Amma 'yarka ta ce in ji magina, babu abin da za a gyara a zanen, kuma an fara haƙa harsashi.

Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya gina maka gida a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama matarka, da 'yarka da jikokinka. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.