Iyalin da Malam Yake Nufi

A 'yan shekarun baya, ina cikin takabar maigidana, na yi rigima da babban ɗana a kan wata ƙofa da ko ganinta ban taɓa yi ba. Ban yi boko ba. Wannan ma da kuke karantawa, ni ke faɗa, jikata ke rubutawa. Idan kun ji magana ta tsinke, kuka ne ya ci ƙarfina. Har yau ina yinsa, kuma ba na ɓoye wa kowa.

Malam, maigidan nawa, akawu ne a makarantar Kongo, nan cikin garinmu, har ya yi ritaya. Da ciwo ya kwantar da shi a gidanmu na Tudun Wada, sai ya kama ɗaukar muryarsa a waya. Tarihin gidansu, nasiha ga yara, har yadda ake kula da bishiyar mangwaron da ke tsakar gida. Kowace magana ya ɗauka, sai ya rubuta a jikinta wanda ya yarda ya ji. Kafin ya cika ya kira jikata, 'yar 'yata ta biyu, wadda aikinta ke nan haɗa manhajar kwamfuta. Ya ce ta yi wa maganganun rumbu mai kwaɗo, kowa ya ji rabonsa a wayarsa. Ina zaune a bakin gado ya ƙara da cewa, “Ukun ƙarshe na kakarki ne ita kaɗai. Ko ke ban yarda ba.”

Bayan rasuwa ta dawo ɗakina tana taya ni zama, tana aikin a gabana. Ta ce kafin a ba mutane akwai abin da suke kira gwaji. Kwamfutar ce ke yin shigar mutum, ta je ta taɓa ƙofa. Idan ƙofar da ya kamata ta ƙi buɗuwa ta ƙi, sai a ga kore. Idan ta buɗe, sai ja. Duk gwajin ya yi kore sai guda ɗaya, wanda ke yin shigar babban ɗana ya je ƙofar ukun nan nawa. Yana taɓawa take buɗewa.

Kwana uku yarinyar nan tana tono. Ta kwance kwaɗon, ta mayar, ja. Ta sake, ja. Ni ma ban zauna haka ba, na yi nawa. Na tofa wa kwamfutar addu'a, da na taɓa ta na ji zafi kuma na lulluɓe ta da zane. Jikata ta yaye tana dariya, ta ce, “Tsohuwa, ba zazzaɓi take yi ba.”

Ranar Juma'a zan fita takaba, dangi za su taru, har na Dutsen Abba. Babban ɗana kuwa ya riga ya yi wa kowa alkawarin a ranar za su ji muryar Malam. Ranar Laraba bayan la'asar ya sauka daga keke ya shigo da saurinsa.

“Har yanzu?” in ji shi.

“Saura gwaji ɗaya, Kawu.”

“To ki goge shi mana. Sauran ba sun yi kore ba?”

Ta saci kallona. Shi kuwa ɗan farina ne, tunda na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban cika ɗaga masa murya ba. Ranar na ɗaga.

Na ce, “Kai, in an goge jan nan, ƙofar ta rufu?”

“Inna, wa zai je ya saurara? Ai mu ne, 'ya'yanku.”

“Ba wannan na tambaye ka ba. Ta rufu?”

Ya ce, “Inna, don Allah, wannan harkar kwamfuta ce, ba ki san kanta ba.”

Na ce, “Kwamfuta ban san ta ba. Ƙofa na sani. Mutumin da ya bar wasiyyar nan ba ya nan ballantana ya tsare abinsa, ni ce na rage. In dangi sun zo su ci tuwo su koma. Muryar ubanka ba za ta fita daga ɗakin nan ba sai jan nan ya zama kore da gaskiya.”

Ya fita bai yi sallama ba. Na juya bango na yi kuka har na ƙoshi, don ban san yadda za a yi ba, bakina ne kawai ya riga ni.

Washegari da hantsi na ce wa jikata, “Tunda ban iya karatu ba, karanta min da baki. Me kika ce wa abin nan ya yi?”

Ta gyara zama ta fara. “Inda Kaka Malam ya rubuta yara, 'ya'yansa za su ji. Inda ya rubuta matata, ke kaɗai. Inda ya rubuta iyali, duk gida.”

Na ce, “Tsaya. Matata? Malam ne zai rubuta matata?”

Shekara arba'in da shida muna tare, mutumin nan bai taɓa buɗe baki ya ce matata ba. Ko asibiti ya kai ni, cewa yake, “Iyalina ce ba lafiya.” Yarinyar a Legas ta tashi, iyali a wurinta duk mutanen gida ne.

Na ce, “Duba min, guda nawa ya rubuta wa matata?”

“Babu ko ɗaya.”

“Iyali fa?”

Ta duba, ta ɗago a hankali. “Uku.”

Na ce, “To ni ce iyalin.”

Ta dafe kai. Kwana uku tana zargin kwaɗo, ashe kwaɗo lafiyarsa lau, makullin ne ta raba wa gida duka. Kalma ɗaya ta ɗauke ta mayar inda ya dace, ta danna. Kore. Na ce ta sake, ta sake. Sau huɗu na sa ta, don ni ban yarda da abin da ya canza launi sau ɗaya ba.

Ranar Juma'a kowa ya ji rabonsa, aka yi kuka, aka yi dariyar zancen mangwaro. Babban ɗana ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata. Mun fahimci juna.

Abin da nake tunawa har yau shi ne, jan nan ne kaɗai ya tsaya wa Malam a lokacin da kowa ke sauri. Da an goge shi, da an rufe bakin mai gaskiya, ƙofa kuma tana hangame. Kunyar da ya yi min duk rayuwarsa saura ƙiris ta tona masa asiri, ni kaɗai kuma na san fassararta.

Na ji ukun nan. Duk safiyar Juma'a ina sake jinsu, in rufe ɗaki, in yi kukana. Ga mai rubuta min nan ta tsayar da hannu tana kallona, wai ko zan faɗi abin da ya ce. Rubuta, yarinya: ba ki da izini.